Kada Ka Bi Ta Janbako

Shiyar Rundawa,
Talata Mafara.

Zuwa ga Ɗanbaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a tafiyar da ka sa gaba, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da ba ka da kowa. Amin.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya, katanga ce kawai tsakaninku. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari, ban saba zama in dube ka ido da ido in yi doguwar magana ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Kuma da wuri aka yi mini aure, shekarun da ke tsakaninmu ba su da yawa, har baƙi a kasuwa kan ɗauka ƙanena ne kai. To abin da baki ya kasa, bari in gwada shi da hannu. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka daidaita shi da kanka.

Gwaggonka ta isar mini da saƙonka. Ta ce ranar Talata in kasuwa ta watse za ka bi motar shanu zuwa Kaduna. Wani ɗan kwangila ya yi maka alkawarin kai nama barikin soja, kuma kana son in je Janbako in roƙi Ardo Jabbi ya ba ka shanu goma a kan amana, ka biya shi in gwamnati ta biya ka. Na tambaye ta, in gwamnati ba ta biya ba fa? Ta ce ita ma ta tambaye ka haka, sai ka yi dariya ka ce, "Gwaggo, gwamnati ce fa. Kuɗinta ba su ƙarewa."

Ina cin tuwo lokacin da ta faɗa, sai na ture kwanon. Ba fushi na yi ba. Wannan magana tawa ce, ko kalma ɗaya ba ka canza ba. Ni na faɗa wa kakanka ita a zauren gidan nan, lokacin kana firamare. Ka ga wahalar da ta biyo baya, ka ga an sayar da babur, ka ga nama ya bar tukunyar gidan barunde, gidan mahauci guda, amma ba wanda ya zaunar da kai ya gaya maka yadda aka yi. Yau zan gaya maka, tun daga farko.

Lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori ina da ƙarfina, ban daɗe da fara yanka na kaina ba. Kamfanin Turawa ya cika Mafara da leburori da direbobi da makanikai, kowa da albashi a aljihu. Naman da muka yanka da safe ba ya kai azahar. Har daga Bakura da Maradun ake aiko mana. Kowa cewa yake kuɗin mai ne, ƙasa ta yi arziki. A nan na sa wa raina cewa akwai wata rijiya can Legas wadda ba ta ƙafewa, ko guga nawa aka zura.

Sai aka yi zaɓe, soja suka koma bariki, farar hula suka hau. A nan wajenmu gwamnatin manyan mutane ce, masu sarauta da alhazan birni, masu cewa a bar komai yadda aka gaje shi, a bi na gaba, a kiyaye doka. Ba su daɗe ba aka yi shela an soke haraji, an soke jangali, wato kuɗin da Bafulatani ke biya duk shekara a kan kowane kan saniya. Ranar da aka yi shelar ni na kira masu kalangu har bakin mahauta, na yi ta rawa ina liƙa musu kuɗi.

Kakanka yana zaune a kan buzunsa yana wasa wuƙa, bai ko ɗago kai ba. Da na dawo ina gumi ya ce, "Garba, rawar mi kaka yi?"

Na ce, "Baba, an sauke muna kaya."

Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa ya ce, "To. Bana wa za shi fito da sa kara?"

Ban gane ba sai da damina ta faɗi. Ka san Bafulatani ba ya sayar da sa don marmari. Jangali ne ke tilasta shi, shi ya sa tun zamanin kakanni lokacin jangali ne lokacin arhar shanu. Barunde ya sayi na yanka, ya sayi na turkewa a gida, ribar shekara a nan take. Wannan shekara ba mai matsa musu. Kara, kasuwar shanu, ta zama fili, dillalai na zaune a inuwa suna korar ƙuda, ɗan abin da ya fito kuɗinsa ya yi sama. Ban ce soke jangali laifi ne ba. Fulani sun sha wuya a kansa, na ga an ɗaure dattijo a rana don saniya ɗaya da ya ɓoye, sun cancanci hutu. Abin da ya ba ni tsoro shi ne, ni barunde ɗan barunde, ban san abincina a ɗaure yake da harajin wani ba. Kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina da me hukuma za ta cike gurbin kuɗin ba.

Ka kuma lura da wanda aka fi sauke wa kaya. Mu 'yan nairori aka yafe mana a shekara. Alhazan birni kuwa takardun shigo da kaya daga waje aka riƙa ba su, kuɗin fito kaɗan ko babu. Da idona na ga tirela na sauke shinkafar ƙasar waje a kasuwar Mafara, kusa da dam ɗin da aka ce an gina don mu noma shinkafa da alkama. Don haka, Ɗanbaba, duk ranar da ka ji hukuma ta ce ta yafe wani abu, kada ka yi saurin kiran makaɗa. Ka zauna ka duba wa aka yafe wa kaɗan, wa aka yafe wa da yawa, kuma aikin da ake yi da kuɗin nan a da, wa zai biya shi yanzu.

Ana cikin wannan tsadar shanu rikicin gonaki ya taso. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, da waɗanda aka baje nasu da katafila aka hana su shuka, sun gaji da jiran diyya, suka tare hanyoyin aiki. Sai aka turo masu ɗamara mota-mota aka kafa musu sansani. Mutane masu yawa haka dole su ci nama. Wani alhaji mai hanya a Sakkwato ya sami kwangilar abincinsu, ya neme ni ya ce in riƙa kai nama kullum, a rubuta mini takarda, ƙarshen wata in karɓi kuɗina a baitulmali.

Ka san yadda sana'armu take. Barunde ya ɗauki sa da safe a kan magana, ya yanka, ya sayar, kafin la'asar ta yi sanyi ya kai wa mai shi kuɗinsa. In abin ya yi nisa, kasuwa mai zuwa. Ba takarda, ba shaida. Duk jarinmu ke nan, mai sa ya san rana ba ta faɗuwa da kuɗinsa a hannunka. Ni kuwa na ɗauki wannan tsari na yini ɗaya na ɗora masa biyan da ba ni ke da ranarsa ba.

Da na kai wa kakanka labari, a nan ne na faɗi maganar da ka faɗa wa gwaggonka. Ya ce, "Mai bindiga in ya ci namanka bai biya ba, wurin wa kaka kai ƙara?" Na ce a raina tsufa ne, bai san zamani ba.

Na hau mota na tafi Janbako. Mahaifin Ardo Jabbi da kakanka sun yi ciniki shekara da shekaru, shi Ardo kuwa Baffa nake ce masa. Na same shi a ruga, aka kawo fura da nono, muka gaisa har muka gaji. Sannan na fito da takardar kwangila na nuna masa hatimi. Ya karɓa ya juya ta sama da ƙasa.

Ya ce, "Barunde, wagga tana haihuwa?"

Na ce, "Duk wata, Baffa."

"Tana ba da nono?"

"Abin da taka badawa ya fi nono."

Ya yi dariya har ya tuntsura, ya miƙo mini ita ya ce, "Ni ban san ta ba. Kai na sani. Shiga ka zaɓa."

Watannin farko an biya, har ma da wuri. Wannan shi ya kashe ni. Da tun farko aka hana, da na tsaya a sa biyu ko uku na koma teburina. Sai na sayi babur, na sayi rediyo, na ƙara yawan yanka, na daina kula da matan unguwa masu sayen na miya, har suka koma wurin wasu. In ka ga an biya ka sau ɗaya, sau biyu, kada ka ɗauka ka san halin mai biyan. Ba ka san shi ba sai ranar da hannunsa ya ƙuntata, ka ga wa yake fara sallama, wa yake bari a layi.

Akwai abin da ba na son tunawa, amma sai ka ji shi. Kawuna na wajen Maradun yana cikin masu jiran diyya. Wata Talata ya zo ya tsaya gaban teburina, na yanko masa tsoka mai kyau na ƙunshe na miƙa da hannu biyu. Ya dubi ƙunshin, bai taɓa ba. Ya ce, "Kai musu. Su ka da aikin ƙarfi." Ya wuce. Ba a daɗe ba aka buɗe wa manoma wuta. Ba zan rubuta abin da na gani da abin da na ji ba, ka san gidajen da har yau ba a ambaton ranar a cikinsu. Kawu ya tsira da ransa, amma har ya koma ga Allah bai ƙara cin abin hannuna ba. Da safen wannan rana ni na kai nama sansani kamar kullum, aka sa mini hannu a takarda.

Abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne, an ce babu kuɗin diyya a baitulmali. Amma motocin da suka kawo masu ɗamara, da harsashin, da naman da nake kaiwa, duk daga baitulmalin nan suke fitowa. Na ga wannan da idona, na kuma ci gaba da kaiwa, don a lokacin akwai kuɗina a hannunsu, ina tsoron in na daina su tafi. Irin wannan kwangila haka take. Kafin ka shiga kana da zaɓi, ka iya tambayar wa za ka ciyar, me zai yi in ya ƙoshi. Bayan ka shiga zaɓi ya ƙare.

Daga nan biya ya fara jinkiri. Wata ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama "ka dawo bayan Salla". Rediyon da na saya shi ke gaya mini farashin mai ya faɗi a duniya, ni kuwa ban ga abin da ya haɗa ni da shi ba. Ardo na jira. Sai na tafi Damri wurin wasu Fulani da suka san sunan gidanmu, na ɗauki shanu, na sayar da wasu a kara na kai wa Ardo wani abu, sauran na kai sansani. Da na Damri suka matsa, na koma Janbako na ƙara ɗauka. Ina ɗebo ƙasa daga wannan rami ina zuba wa wancan, kullum ramukan biyu na ƙara zurfi. A raina kuma ba bashi nake ci ba, jira kawai nake yi.

Da abin ya ishe ni na tafi Sakkwato ofishin biya. Na tarar da layi har waje: mai kai itace, mai kai gero, mai ɗinkin kaki, kowa riƙe da takarda irin tawa. Akwai wani akawu a wurin, Malam Bala, mutumin Bakura, ya gane ni don yana ɗalibi yakan sayi tsire wurin kakanka. Ya ja ni gindin wani dogonyaro nesa da mutane.

Ya ce, "Garba, in gaya maka gaskiya, ko in ce ka dawo wata mai zuwa?"

Na ce, "Gaskiya, Malam."

"Babu kuɗi."

Na yi dariya. Na ce, "Malam, gwamnati fa."

Ya ce, "Ni da ke rubuta takardun nan, rabona da albashi tun kafin azumi. Matata ke ciyar da mu da ƙosai."

Na daina dariya. Ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Ya ce abin da ke shigowa bai kai abin da ke fita ba, shi suke kira giɓi. An soke haraji, an soke jangali, an sassauta wa manya kuɗin fito, duk don ana taƙama da mai. Mai ya faɗi. Haraji kuma ba mai ƙarfin halin maido shi, don zaɓe na tafe. Sannan ba a rage sayen kayan ɗamara ba, ƙarawa ma aka yi, don mai mulki in ya ji talaka ya fara gunaguni, abin da yake fara saye ke nan.

Muna tsaye sai ga jerin sababbin motocin masu ɗamara sun wuce ta titi, fenti na ƙyalli, ko ledar kujeru ba a cire ba. Na nuna su da hannu.

Na ce, "To waɗannan da mi anka saye su?"

Ya ce, "Bashi, daga ƙasashen waje. Wani ma akan ci shi ne don a biya ruwan na baya."

"Wa za shi biya?"

Ya dube ni ya ce, "Kana da yara?"

Na ce ina da su.

Ya ce, "To."

Ɗanbaba, na zauna a kan saiwar itacen nan. Abin da nake yi tsakanin Damri da Janbako, wanda nake ɓoye wa ko mahaifiyarka don kunya, shi hukumar ƙasa gaba ɗaya take yi, da hatimi da tuta. Bambancinmu ɗaya ne. Ni in na kasa, ƙofar gidana za a zo. Ita kuma in ta kasa, ƙofar gidana dai za a zo.

Aka shiga abin da suka kira tsuke bakin aljihu. Kai ma ka ga aljihun da aka tsuke. Malamanku suka daina zuwa aji don ba albashi, asibiti sai a rubuta maka magani a ce ka je kasuwa, injin ban ruwa ya tsaya alkama ta bushe a tsaye. Ban taɓa ganin motar ɗamara ta tsaya a hanya don rashin mai ba. Daga baya sansani ya tashi. Alhajin da ya kawo ni, na je gidansa a Sakkwato, ya fito zai shiga mota, na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Daga ina?"

Ka riƙe wannan ko da ka manta sauran. Ranar farko da ka ga hannunka ya miƙa ga dukiyar wani don ka biya wani, a nan za ka tsaya. Ka je wurin mai shi a ranar, ka gaya masa gaskiya, ka sha kunyar yini ɗaya. Faɗuwar sa ɗaya kowane barunde ya taɓa yi, ana tashi. Ni kunyar yini ɗaya na guda.

Ardo bai kai ni gaban alƙali ba. Da ya kai ni da ya fi mini sauƙi. Wata Talata ya zo kasuwa tun hantsi ya zauna a kan benci kusa da teburina, sandarsa a kan cinya. Muka gaisa. Na kawo masa ruwa ya sha, na kawo balangu ya ce ya ƙoshi. Sai da kasuwa ta fara watsewa ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa don kada na kusa su ji.

Ya ce, "Garba, cikin waɗanda ka ɗauka akwai na marayun ƙanena. Babbansu za shi aure bana. Ya zo ya tambaye ni shanun ubansa. Mi zan ce mishi?"

Na san garke ba na mutum ɗaya ba ne, kowane barunde ya san haka. Akwai na mata, akwai na yara, akwai na amana. Na sani, amma ban taɓa tsayawa na tambayi na wa nake yankawa ba. Ardo ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce in gaida Baba. Babban marayun nan ya raba ruga da shi ya yi kudu da ƙannensa. Aka riƙa cewa Ardo Jabbi ya ci dukiyar marayu, mutumin da ake kawo wa sulhu daga rugage masu nisa. Bai taɓa kare kansa da sunana ba.

Na sayar da babur, na sayar da rediyo, na sayar da ɗan filin da aka ba mu a wurin ban ruwa. Na sauko daga shanu na koma awaki, wani lokaci kayan cikin wasu nake wankewa in sayar. A wannan hali kakanka ya rasu, kuma har ya rasu bai taɓa tuna mini abin da ya faɗa ba. Duk Talata abin da na samu in raba shi uku, na gida, na Damri, na Janbako. Na gida shi ne ƙarami, ka san wannan, kai ka ci tuwon.

Sai soja suka karɓi mulki, suka ce sun tarar da baitulmali wayam, bashi ya kai wa ƙasa wuya. Abin da suka fara yi mana shi ne maido da haraji da jangali, har da ƙarin wasu kuɗi da ba mu san su ba a da. Ranar da mai unguwa ya zo da malamin haraji, na shiga ɗaki na ɗauko takardun naman nan na shimfiɗa musu a tabarma.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku cire a ciki, ku ba ni canji."

Mai unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Malamin haraji bai yi ba. Ya ce, "Wannan na waccan gwamnati ne."

Na ce, "Naman fa, cikin waccan gwamnati ya tafi? Ni dai kakin iri ɗaya na gani."

Ya ce, "Malam, ka kawo kuɗi ko ka biyo mu."

Akuyar mahaifiyarka na sayar na biya. Wanda nake bi bashi ya zo har gida ya karɓa a wurina, kuma doka na bayansa. Ardo ma ya biya jangali a kan abin da ya rage masa. Da damina shanu suka sake cika kara da arha kamar da, ni kuwa ina tsaye ina kallo, ba ni da abin saye, ba kuma mai ba ni a kan magana.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce yanzu soja ke mulki, ba za su ƙi biyan naman barikinsu ba. Wataƙila su biya. Amma ramin da aka haƙa bai cike ba, ana ta zuba masa harajinmu ne. Masu bin bashi na waje su ake fara sallama, don suna da yadda za su matsa. Bayansu masu sayar da bindiga da mota. Bayansu ɗan kwangilarka, shi ke da suna a takarda, ba kai ba. Kai kana can ƙarshe tare da mai itace da mai gero. Ko an biya ka bayan shekara, ka ga yadda naira ke zubewa, kuɗin shanu goma na yau ba za su sayi goma ba a lokacin. Bafulatani kuwa ba naira ya ba ka ba, sa ya ba ka, sa yake jira.

A watan da ya wuce na kai wa Ardo ragowar abin da yake bina. Na Damri na gama da su tun bara. Ya karɓa bai duba ba, ya sa a aljihu, ya ce a aika wa yaron nan kudu. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, garken bai kai rabin na da ba, abin da ya rage ma yawanci na jikokinsa ne. Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya yana dogara sanda. Ya ce, "Garba, an gama, kada ka ƙara tada maganar. Yaronka babba, an ce mini yana da idon shanu. In ya tashi kama sana'a tai, ka turo mini shi."

To ga amsata. Ba zan je Janbako in roƙa maka shanu goma ba, ko ɗaya ma ba zan roƙa ba a kan wannan kwangila. Ba don na raina ka ba. Ka fi ni iya fiɗa a shekarunka, ka fi ni karatu, kuma ban hana ka tafiya ba. Na ba gwaggonka kuɗin raguna biyu da wuƙaƙe biyu masu kyau ta ba ka. In ka sauka Kaduna ka nemi Sarkin Fawa na kasuwar da ke bakin bariki, ka gaishe shi da ladabi, ka ce kai ɗan Mafara ne, ka roƙi wurin kafa tukuba. Soja na son tsire. Ka sayar wa sojan da kansa, ya ba ka a hannu kafin ya kai baki, kada ka sayar wa ofishinsa. In ɗan kwangilar ya matsa maka, ka ce ya sayi shanun da kuɗinsa, kai ka yanka ka feɗe ya biya ka ladan yini. In ya yarda, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ka gane ba hannunka yake nema ba, shanun da za ka kawo kyauta yake nema.

Amma ba don in ƙi maka na ɗauki alƙalami ba, wannan da gwaggonka ta isar a kalma ɗaya. Ta ce ka ce in na ƙi za ka je da kanka, ka sauka a mararraba ka shiga ruga ka ce ni na aiko ka. Wannan shi ya tayar mini da hankali, don na san in ka je zai ba ka. Ba zai tambaye ka shaida ba, ba zai aiko Mafara a tambaye ni ba. Zai ji sunan gidanmu ya ba ka na jikokinsa, yana murna. Ba ni da ikon da zan hana shi, don ba zan iya zuwa in ce wa dattijon nan kada ya yarda da ɗana ba. Kai ma ba ni da ikon ɗaure ka, ka girma.

Ban taɓa roƙonka komai ba tun da aka haife ka. Yau ina roƙonka. Ranar Talata in mota ta kai mararrabar da ake ratsewa zuwa Janbako, ka zauna a inda kake har ta wuce. Direban ɗan shiyarmu ne, amma ban ce ya sa maka ido ba, kuma in ya dawo ba zan tambaye shi ba.

Mahaifiyarka ba za ta fito rakiya ba, ka san dalili, amma kilishin da za ka gani a jakarka ita ta sa a yi. Ni ma ina mahauta lokacin da za ku tashi. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci halal ko kaɗan ne, ka aiko da labari in ka sami mai zuwa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa albarka a wuƙarka, Ya dawo mana da kai lafiya da mutuncinka. Amin summa amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba.